Kundin gyaran boilarmu: abin da allurar geji ta yi ta faɗa mini

Asabar, 4 ga Janairu

Yau na buɗe wannan kundi saboda ƙwaƙwalwata ta fara ba ni kunya. Duk lokacin da uwargida ta tambaye ni yaushe rabona da ƙara wa boila ruwa, sai in ce shekaranjiya, ita kuma ta ce jiya ne, kuma galibi ita ke da gaskiya. Daga yau komai sai an rubuta: ƙarfe nawa, allurar geji (agogon da ke nuna matsin ruwan boila) tana ina, me na taɓa.

Boilar tamu mai aiki da gas ce, irin mai aiki biyu a jiki ɗaya. Ita ke dumama lagireto takwas da ke ɗakunan gidan, wato akwatunan ƙarfen da ruwan zafi ke bi ta cikinsu su ɗumama ɗaki, ita kuma ke dafa ruwan wanka nan take idan an buɗe famfo, babu tankin ajiya. Ƙarfinta kilowat 24, shekarunta tara. Ƙorafe-ƙorafen gida guda biyu ne. Na farko, matsin ruwa yana sauka, duk kwana uku ko huɗu sai ta ɗauke wuta ta nuna alamar ƙarancin ruwa. Na biyu, ruwan wanka ya koma wasa da hankali: zafi, sanyi, zafi, sanyi, har yara sun fara neman uzurin kauce wa banɗaki da safe.

Na kuma ja wa kaina layi tun yanzu. Duk abin da ke waje, wato geji, tiyon ciko (wanda ake ƙara wa boila ruwa da shi), lagireto da bututun da ido ke gani, nawa ne. Murfin boila kuwa ba zan kwance shi ba. A irin waɗannan boiloli sau da yawa murfin yana cikin abin da ke tsare hayaƙi kada ya shigo ɗaki, kuma hayaƙin gas idan ƙonuwa ta lalace yana ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Wannan aikin mai lasisin gas ne. Na danna maɓallin gwaji na ƙararrawar kabon monoksaid da ke kusa da ita, ta yi kuka lafiya lau.

Lahadi, 5 ga Janairu

Tun kaka nake neman yoyo. Na bi ƙarƙashin kowane lagireto da takardar goge hannu, na leƙa bayan kabad, na ɗaga kafet a wurare biyu. Ko ɗigo ban gani ba. Yau sai na bar neman ruwa a ƙasa, na ɗauko kujera na zauna gaban geji.

Ƙarfe 7:10, komai a sanyaye, na cika zuwa bar 1.2 (bar shi ne ma'aunin matsi), wanda yake cikin abin da littafin boilar ya ce, tsakanin 1 da 1.5. Na kunna dumama gida. Minti goma, 1.6. Minti ashirin, 2.1. Kafin minti arba'in allura ta shiga jan yanki, tana lilo a 2.9. Boila mai lafiya idan ta yi zafi ba ta wuce ƙarin kamar rabin bar ba. Wannan hawa na kusan bar biyu shi ne abin da ya kamata in gani tun watanni uku da suka wuce, amma ni kullum da safe nake duba geji, lokacin da ta riga ta huce ta faɗo ƙasa.

Na sa rigar sanyi na zagaya bayan gida. Akwai wani ɗan guntun bututun jan ƙarfe da ya fito daga bango ya lanƙwasa ya fuskanci bangon, wanda ban taɓa ba shi muhimmanci ba. Yana ɗiga. Bangon da ke ƙarƙashinsa har ya yi kore. Wannan shi ne mafitar bawul ɗin kariya, wanda ke buɗewa da kansa idan matsi ya kai bar 3 don kada wani abu ya fashe. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwa idan ya tashi daga digiri 10 zuwa 80 yana kumbura da kusan kashi 3 cikin ɗari. Idan bututu da lagireton gidan nan suna ɗauke da lita saba'in, to akwai ƙarin kusan lita biyu da dole su sami wurin zuwa, ga shi kuma ruwa ba ya matsuwa. Don haka aka sa wani tulun ƙarfe a cikin boila, an raba cikinsa biyu da roba: gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska. Ruwa ya kumbura, sai ya tura robar, iska ta matse ta ba shi wuri. Idan iskar ta tsere, ko robar ta yage, babu sauran wurin zuwa sai waje. Na ɗaure kwalbar roba a bakin bututun da waya don in ga yawan abin da ke fita.

Talata, 7 ga Janairu

Kwalba ta tara kusan rabin lita cikin kwana biyu. Matsi da safe 0.7.

Na kira mai gyara, ya ce sai Talata mai zuwa, aiki ya yi masa yawa saboda sanyi. Kafin nan na rage zafin ruwan dumama daga digiri 75 zuwa 58. Ƙarancin zafi, ƙarancin kumbura. Yau allura ta tsaya a 2.4, amma bututun waje bai daina ɗiga ba ko da ba a kai 3 ba. Ina zargin datti ya maƙale a bakin bawul ɗin tun buɗewarsa ta farko, ya hana shi rufewa ruf.

Alhamis, 9 ga Janairu

Yau ranar ruwan wanka ce. Kayan aiki: bokiti mai lita goma, agogon waya, da ma'aunin zafi na kicin da na aro ba tare da izini ba.

Ruwan sanyi yana shigowa gida a digiri 7. Boila mai kilowat 24 tana iya ƙara wa kusan lita goma a minti zafin digiri 35, ke nan abin da zan sa rai shi ne wajen 42. Wannan kaɗai ya koya mini wani abu: a tsakiyar hunturu ko sabuwar boila ce ba za ta ba da ruwa mai ƙuna da famfo a buɗe gaba ɗaya ba, domin ruwan da take karɓa ya fi na rani sanyi sosai. Bokiti ya cika a daƙiƙa 66, wato kamar lita tara a minti, babu laifi. Zafin ne abin kallo. Ya hau 44, ya zauna kaɗan, ya gangaro 27, ya sake hawa. Na bar famfo yana zuba na je gaban boila. Wuta ta kama, lambar zafi a allo ta ruga daga 50 zuwa sama da 80 cikin ɗan lokaci, wuta ta mutu, lamba ta sauko, wuta ta sake kamawa. Haka take ta yi.

A nan ne na kusa jefar da kuɗi. Tun makon jiya na riga na yanke hukunci a zuciyata cewa bawul mai raba hanya ne ya lalace, wanda ke juya ruwan zafi ko dai zuwa lagireto ko zuwa sashen dafa ruwan famfo. Har na nemo lambar kayan, saura in biya. Sai na tuna akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Na kashe dumama gida, na jira bututu suka huce sarai, sannan na buɗe famfon zafi na dafa hannu a kan bututun da ke fita zuwa lagireto. Da bawul ɗin yana satar hanya, da bututun nan ya ɗumama. Minti biyar ina riƙe da shi, sanyi ƙalau. Na wanke bawul daga zargi, na rufe shafin saye.

Abin da ya rage a gabana shi ne farantan musayar zafi. Wani ɗan ƙunshi ne na siraran farantan ƙarfe da aka jera, ruwan boila yana bi ta tsakanin wasu, ruwan famfo yana bi ta tsakanin wasu, ba sa haɗuwa, zafi ne kawai ke ratsawa. Hanyoyin cikinsa matsattsu ne ƙwarai. Idan sun toshe, boila tana samar da zafi amma ba ta da inda za ta sauke shi, sai ta kashe kanta don kada ta tafasa. Alamun sun yi daidai. Ko dai haka ne, ko na'urar jin zafi ce ke yi mata ƙarya. Wannan sai an buɗe.

Asabar, 11 ga Janairu

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Daren jiya sanyi ya sauka ƙasa da sifiri sosai, da asuba muka tashi gida kamar firji. Boila tana ƙoƙarin kamawa, tana wani gurguri kamar mai kurkure baki, sai ta tsaya ta nuna alamar wuta ta ƙi kamawa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne matsalar da nake bi ce ta ƙarasa ta. Na duba geji, 1.1, babu ruwansa. Na kunna murhun girki, gas yana zuwa. To saura gurgurin.

Irin wannan boila tana tatsar zafi daga hayaƙinta har tururin ciki ya koma ruwa, kuma ruwan nan, mai ɗan tsami, yana fita ta wani farin bututun roba zuwa magudana. Namu ya bi ta waje kusan mita biyu, siriri ne, babu abin da aka naɗe shi da shi. Na ƙwanƙwasa shi, ya yi tauri kamar sanda, ga ƙanƙara ta leƙo daga bakinsa. Ruwa ya rasa hanya ya koma ciki, boila ta kare kanta.

Na ɗebo ruwan ɗumi a buta, mai ɗumi kawai, domin tafasasshe yana iya fasa robar, na riƙa zubawa daga gwiwar bututun zuwa bakinsa. A buta ta uku sai ga wani dogon tsinken ƙanƙara ya zamo, ruwa ya biyo shi. Na danna maɓallin sake tayarwa sau ɗaya, ta kama. Na naɗe bututun da tsohon tawul da leda na wucin gadi, na kuma watsa gishiri inda ruwan ya zuba don kada wani ya zame.

Wannan ba shi da alaƙa da sauran biyun. Na rubuta shi ne don kada nan gaba in cakuɗa su.

Talata, 14 ga Janairu

Mai gyara ya zo ƙarfe tara. Na miƙa masa kundin nan, ya karanta a tsaye, ya ce, "Maigida, ka rage mini aikin awa guda." Na ji daɗi fiye da yadda ya kamata.

Ya fara da tulun iska. Abu na farko da ya yi shi ne rufe bawulolin ƙasa ya zubar da ruwan boila har geji ya koma sifiri, ya bar magudanar a buɗe. Ya ce idan aka auna iskar tulu alhali ruwa yana danne da robar, matsin ruwan za a karanta, a ɗauka komai lafiya. Tulun yana da bawul irin na tayar mota sak. Ya danna tsakiyarsa: da ruwa ya fito, da roba ta yage, sai sabon tulu. Iska ce ta fito, 'yar kaɗan, fus. Ma'auninsa ya nuna 0.2, alhali takardar da ke jikin tulun ta ce bar 1. Ya sa famfon hannu ya fara bugawa.

Nan wani abu ya faru da ban zata ba. Allurar famfonsa ta yi tsalle sama da bugu uku kacal, kuma ko ɗigon ruwa bai fito ta magudana ba. Ya girgiza kai. Ya ce tulu mai lita takwas ba ya cika da bugu uku, kuma ruwan da ke cikinsa ya kamata ya fito yayin da iska ke tura robar. Ya kwance ɗan siririn tiyon da ya haɗa tulu da boila, ya ɗaga shi ga haske. A toshe yake da wata baƙar laka kamar kwalta. Ya zura waya, ya wanke, ya mayar, ya sake bugawa, sai ga baƙin ruwa yana bulbulowa. Da ya buga iska kawai ya tafi, da bayan kwana biyu na sake kiransa.

Ya tara mini ruwan a kofin gilashi ya ce in kawo mayen ƙarfe. Na ciro na jikin firji na manna a gefen kofin, baƙin ya taru wurin kamar tururuwa sun ga sukari. Tsatsar cikin lagireto ce. Sai ya tambaye ni, "Tun yaushe kake ƙara ruwa?" Na ce tun Oktoba. Ya ce kowane ciko sabon ruwa ne, sabon ruwa kuma yana shigowa da iskar oksijin, ita ce abincin tsatsa, kuma duk abin da ya fita ta bututun waje yana tafiya da maganin hana tsatsar da ke cikin ruwan. Lakar dai ta shekaru ce, amma wata uku na yi ina yi mata ban ruwa da hannuna, ina ganin dabara nake yi.

Ya sauya bawul ɗin kariya da sabo, ya ce wanda ya saba ɗiga ba kasafai yake komawa daidai ba. Ya cire na'urar jin zafi ya auna ta da mita. Irin wadda ke nuna om dubu 10 (om ma'aunin juriyar lantarki ne) a digiri 25 ce, lambar tana raguwa idan zafi ya ƙaru. Ya riƙe ta a tafin hannu muka ga lamba tana sauka a hankali ba tare da tsalle ba. Lafiyarta ƙalau. Sannan ya kwance farantan musayar zafi, sukurori biyu ne kacal ke riƙe da su. Ɓangaren ruwan famfo akwai ɗan farin ƙanzo, ba mai yawa ba. Ɓangaren ruwan boila kuwa da ya buga shi a bokiti, ɓarɓashi baƙi ya zubo kamar garin gawayi.

Na so ya sa sabo nan take. Ya ƙi. Ya ce sabon faranti a cikin ruwa mai datti wata biyu zai yi ya koma kamar wannan. Ya wanke tsohon iya wankuwa ya mayar, ya zuba maganin narkar da laka a cikin ruwan dumama, ya ce a bar shi ya zaga mako guda, kowane lagireto a buɗe. Kafin ya tafi ya sa na'urarsa a bakin bututun hayaƙi ya auna ƙonuwa, ya nuna mini sakamakon ya yi daidai da abin da littafin boilar ya gindaya.

Da yamma: sanyi 1.2, zafi 1.6. Na zagaya baya, bututu a bushe.

Asabar, 18 ga Janairu

Matsi bai motsa ba. Ruwan wanka ya yi sauƙi, amma har yanzu yana ɗan yin sanyi sau ɗaya ko biyu. Lagireton falo, wanda samansa ke zafi ƙasansa a sanyaye tun bara, ya fara ɗumi daga gefe. Sanyi a sama iska ce, sanyi a ƙasa laka ce; wannan ma ranar Talata na koya.

Talata, 21 ga Janairu

Yini guda cur. Ya haɗa injin wanki, ya rufe duk lagireto ya bar ɗaya, ya wanke shi har ruwan ya fito fari, ya koma na gaba. Yana yi yana bubbuga ƙasan kowanne da gudumar roba. Na falo shi kaɗai ya ci kusan minti arba'in, na ɗakin yara kuwa ko goma bai kai ba. Aikina shi ne riƙe tiyo a bakin magudana da kai rahoton launin ruwa, daga baƙi zuwa ruwan shayi zuwa fari.

Bayan nan ya sa sabon farantin musayar zafi da sababbin robobinsa, ya ɗaura matata mai mayen ƙarfe a bututun da ke dawo da ruwa cikin boila, ya zuba maganin hana tsatsa, ya liƙa takarda mai kwanan wata. Na sake gwajin bokiti a gabansa: lita tara a minti, digiri 44, kuma ma'auni ya tsaya cak har bokiti ya cika. Wuta ba ta mutu ko sau ɗaya ba, sai dai ta rage ƙarfi ta daidaita.

Na ce zan mayar da zafin dumama 75. Ya ce in gwada barinsa a 60 tukuna. Boilar tana tatsar zafin hayaƙi sosai ne idan ruwan da ke dawowa bai wuce kamar digiri 55 ba, kuma yanzu da lagireto suka washe, mai yiwuwa 60 ta ishe mu. Gida zai ɗan jima kafin ya ɗumama, gas kuma zai ragu.

Talata, 28 ga Janairu

Gabana ya faɗi da safe: 1.0. Na fita da gudu, kwalba a bushe. Na tuna ranar Alhamis da Asabar na fitar da iska daga lagireto biyu na sama, kuma duk iskar da ta fita tana rage matsi. Sabon ruwa yakan ɗauki kwanaki yana sakin iskarsa. Amma ban yarda da wannan bayani shi kaɗai ba, domin irin wannan kwantar wa kai da hankali ne ya kai ni inda na tsinci kaina. Na sake bin bawuloli da takarda, wannan karon da dare bayan komai ya huce, saboda ɗigo a kan bututu mai zafi bushewa yake kafin a gan shi. A banɗaki takarda ta jiƙe. Ɗan noti ne da ke ƙarƙashin murfin bawul ya saki, wataƙila garin buɗewa da rufewar ranar wanki. Kwata ɗaya da sifana, ya tsaya. Na cika zuwa 1.2, na tabbatar na rufe bakin tiyon ciko duka biyu, na ja layi da alƙalami a gilashin geji daidai kan allura.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kwana goma sha ɗaya allura tana kan layin alƙalami da safe, 1.6 da yamma. Ban taɓa tiyon ciko ba. Na buɗe matata kamar yadda aka nuna mini, bayan na kashe boila na rufe bawulolinta biyu: baƙar laka kamar cokali biyu a jikin sandar. Na wanke na mayar. A 60 ɗin muka zauna, ba wanda ya yi ƙorafi sai ɗakin da ke fuskantar arewa, na ƙara buɗe bawul ɗinsa kaɗan.

Abu biyu suka rage. Tulun iska shekarunsa tara, kuma ba mu san ko iskar ta tsere a hankali ne cikin shekaru ko robar ta fara gajiya ba. Mai gyara ya ce in riƙa rubuta matsin zafi duk Asabar. Ranar da tazarar ta wuce bar ɗaya, a sauya shi. Sai farin bututun waje, wanda har yau tawul ne ke riƙe da mutuncinsa. Za a mayar da shi mai faɗin milimita 32, a ƙara masa gangara, a naɗe shi da abin da ruwa ba ya ratsawa. An sa ranar 19 ga wata. Kwalbar kuwa na bar ta a ɗaure.